Madubin Gwamna

Auta ta matse haƙarƙarin mijinta na hagu, nan take ya rage wuta ya raɓe bakin kwalta. Tankar mai ta wuce su tana gurnani, iskarta ta bugi babur ɗin har akwatin burodin da ke ɗaure a bayanta ya yi ƙara. Ta bi manyan tayoyin da ido. Da ta miƙa hannu, da ta taɓa su.

Haka suke yi kullum tun daga gidan burodi har shagon ƙarshe da suke kai wa kaya. Idan mota na tahowa ta hagu, sai ta matse shi a hagu. Idan ta dama ce, ta matse shi a dama. Idan kuwa hannunta ya kwanta shiru a cinyarta, to baya fes take, sai ya shiga inda yake so. Ba su taɓa zama sun tsara wannan ba, hanya ce kawai ta koya musu.

Tun daminar da ta wuce ne ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Gwiwa ta warke, gwiwar hannu ta warke, wuya ya ƙi. Ba ya iya waiwaye ko kaɗan. In an gaishe shi daga gefe, sai ya juyo da ƙirjinsa gaba ɗaya, a hankali, kamar wani babban mutum da aka tare da koke. Abokan aikinsa masu rabon burodi suka ɗauka girman kai ne ya same shi, suka laƙaba masa Gwamna. Ya yi dariya ya karɓi sunan, don ya fi masa sauƙi a kan gaskiyar. Su a wajensu madubi kayan ado ne. Wasu sun cire nasu sun jefar, wasu sun lanƙwasa su ciki don su ji daɗin kutsawa tsakanin motoci, da wuya suke duba baya. Na Gwamna suna nan, ƙanana masu gajeren ƙarfe, amma in ya duba ba ya ganin komai sai kafaɗarsa da gefen mayafin matarsa. Mutane sun ɗauka tana bin sa ne don ta riƙa shiga shaguna da kaya. Tana shiga ɗin kuwa, amma ba shi ne aikinta ba.

Da hantsi ya sauke ta a ƙofar asibiti, ranar awon cikinta ce. Nas ɗin dattijuwa ce mai kaifin ido. Ta danna cikin nan ta danna can, ta dubi ƙafafun Auta da suka kumbura, ta tambaye ta game da jinin da ta ce ta gani shekaranjiya. Sai ta tambaya a me ta zo. Auta ta ce a babur. Ta tambaya ko sau da yawa take hawa. Auta ta sunkuyar da kai ta ce kullum, tun safe har la'asar.

Nas ta ajiye bironta. Ta ce cikin ya sauko ƙasa tun lokaci bai yi ba, kuma duk ramin da babur ya faɗa, ɗan nan ne ke amsawa. Ta ce yau ɗin ma don dai babu yadda za a yi ne, amma daga gobe ko kusa da babur kada ta je.

Auta ta ce to.

"Ba to ɗin kunya nake so ba, ƙanwata," in ji nas. "Dube ni nan. Kin ji abin da na ce?"

Ta ɗago ta dube ta. Maganar ta zo har bakinta, cewa akwai wanda in ba ta hau ba, ba ta san yadda zai dawo gida ba. Amma ta ga mata a jere a kan benci suna jiran layi, kunnuwansu a buɗe, sai ta haɗiye ta ce ta ji.

A waje Auta ta hango mijinta zaune a kan babur ƙarƙashin wata bishiya, ya ba ta baya. Wani mai kurar ruwa ya taho ta bayansa yana ta cewa a ba shi hanya, har ya kusa gogar akwatin, Gwamna bai san da shi ba sai da ya zo daidai kafaɗarsa. Kurar ruwa ce kawai, mai tafiyar ƙafa.

Da ta faɗa masa abin da nas ta ce, sai ya yi murmushin da ta san na ƙarfin hali ne. Ya ce ai shi ke nan, ta zauna ta huta, hanyar nan ko idonsa a rufe zai bi ta. Ta ce masa ba gaban take tsoro ba. Ta ba shi labarin wani tsoho da ta sha gani yana ɗaukar katifu a babur, yana da madubai masu dogon ƙarfe da suka leƙo har waje da kayan. Ta ce ko irinsu za a sa.

Fuskarsa ta canja. Ya ce kunnen jaki ke nan, haka yaran gidan burodi ke kiransu. Ya ce dariyar ma da sauƙi, amma manaja ba yaro ba ne. Ranar da ya ga madubin zai fara tambayar me ya sa mutum mai wuya yake neman irinsu, in kuwa ya gane, zai raba shagunansa ga masu lafiya, ya ce masa Allah ya ƙara sauƙi. Ya tayar da babur ya ce ta hau. Ta hau. Kafin su isa gidan burodi ta matse shi sau da dama, kowane matsi kuma sai ta ji a ranta cewa gobe a daidai nan babu kowa.

Ya shiga ɗaukar kayan rana, ita kuma maimakon ta zauna a inuwar da ta saba jiransa, sai ta zagaya ta bayan katanga ta shiga layin masu kayan gyaran babur. Ba ta taɓa taka wajen ba. Maza ne zalla, ƙasa baƙi ƙirin da baƙin mai, tayoyi a rataye, wani na buga ƙarfe, wani na gwada oda. Ta ji duk idanu a kanta da cikinta. Ta wuce shago ɗaya ta kasa tsayawa, ta wuce na biyu, har ta kusa ƙarshen layi. Sai ta tuna tayoyin tankar nan, ta ja burki a gaban wani mai ƙiba da tabarau a kan hanci.

Ta gaishe shi da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji. Ta ce madubi take so. Ya leƙo ta saman tabarau ya ce in na kwalliya ne, ta yi ɓatan kai, layin mata yana can gaba. Na kusa da shi suka yi dariya. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ta buɗe hannuwanta biyu ta nuna masa tsawon da take nufi, ta ce na babur, wanda zai ga bayan kaya.

Ya daina dariyar. Ya shiga ciki ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito da wasu guda biyu duk ƙura, ya ce ba a cika nemansu ba. Ya goge ɗaya da gefen rigarsa ya miƙa mata. Ta riƙe ƙarfen ta miƙe hannu gefe kamar yadda zai zauna a kan babur. Sai ga layin gaba ɗaya a cikin gilashin, masu shaguna, da tayoyi, da wata akuya, da wani mai baro can nesa yana tahowa ta bayanta. Ta matsa masa tun kafin ya yi magana. Ta biya ba tare da ta yi ciniki ba, ta cusa su cikin mayafi, ƙarafan suna tokarinta a haƙarƙari.

Ba ta fito da su a gaban abokan aikin mijinta ba. Ta bari sai da suka sauke kaya a shaguna biyu, suka shiga wani lungu inda bakaniken da ke duba masa babur yake da rumfa, sannan ta ce ya tsaya. Ta sauka ta zaro su.

Ya dube su ya dube ta. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne, amma ta ga jijiyar gefen kansa ta tashi. Ya tambaye ta ko ita kaɗai ta shiga layin nan, da wannan cikin. Ta ce e. Ya tambaya ko bai ce mata ba ya so ba. Ta ce ya faɗa.

"To me ya sa?"

Ta kafa ido a kan tayar gaba. "Maigida, gobe ina ɗaki. Duk odar da na ji daga titi, zan ce kai ne." Ta ɗago ta dube shi. "Su yi maka dariyar. Na fi so su yi kana ji."

Sai ya sauka, ya kafe babur ɗin a gaban rumfar, ya yi wa bakanike sallama.

Bakaniken ya juya madubin a hannu ya ce lallai Gwamna zai sami ƙaho. Gwamna ya ce akwatin ne ya yi faɗi, yana tare masa baya. Bakanike ya dubi akwatin, wanda shi da kansa ya ɗaura shi bara, sannan ya ɗauko sifana. Na hagu ya kwance da sauƙi. Na dama ya yi tsatsa, sai da ya ɗiga masa mai ya bubbuga kafin ya saki. Ya ɗaura sababbin, ya ce Gwamna ya hau ya zauna yadda yake zama in yana tuƙi. Shi kuma ya koma bayan babur ya tsaya, ya tambaya ko ana ganinsa. Ya matsa hagu ya sake tambaya. Ya dawo ya ɗan murɗa gilashin, ya koma, ya matsa har tsakiyar lungun yana ɗaga sifana sama. Da Gwamna ya ce yana ganinsa har da facin wandonsa, sai ya dawo ya ɗaure notin tam.

Suna cikin haka wani abokin aikin Gwamna ya wuce da gudu, ya waiwayo har ya kusa afka wa kwata, ya ɗaga murya yana tambaya ko jirgin Gwamna yau zai tashi. Gwamna ya ɗaga masa hannu. Auta ta ga kunya ta kama shi, amma bai ce a cire ba.

Sauran shagunan suna can bayan shataletale, sai an bi babban titi inda tireloli da tifofi ke wucewa. Da suka hau kwalta, Auta ta yanke shawara a ranta. Yau ce kaɗai ranar da za ta iya gani da idonta ko madubin zai yi aiki. Ta zare hannuwanta daga jikinsa, ta cusa su cikin mayafi, ta haɗe su a kan cikinta. Ba ta faɗa masa ba. Ta ji nauyin ta ce wa mijinta za ta gwada shi kamar ɗan koyo, kuma ta ɗauka ai ya sani, tun da ga madubi a gabansa.

Da farko lafiya lau. Yana bin gefensa, motoci na wucewa, ba abin da ya sa shi fita daga layi. Daga inda take zaune ita ma tana iya leƙen gilashin hagu ta saman kafaɗarsa, titin ya shimfiɗe a ciki har nesa. Zuciyarta ta fara kwanciya.

Sai ga wata bas ta lalace a gabansu, an jera ganye a bayanta, ta cinye gefen titin duka. Dole a kauce hagu. A cikin madubin Auta ta ga tifa, shaƙe da yashi, tana tahowa ba alamar rage gudu. Tana ƙara girma a gilashin. Ta cika rabinsa. Ai ya gani, ta ce a ranta, ga ta nan ɓaro-ɓaro. Yatsunta suka motsa cikin mayafi, ta danne su da ɗaya hannun.

Ta ji bayansa ya ɗan tsaya, irin tsayawar nan ta numfashi ɗaya da yake yi kafin ya kauce. Ta san ta sarai, kullum tana jin ta a ƙirjinta. A nan ne ta gane ba madubi yake kallo ba. Jira yake. Bai ji komai a haƙarƙarinsa ba, sai ya kwantar da babur hagu.

Mayafin ya riƙe mata hannu. Ta fizge, ta cafke shi ta ko'ina, hagu da dama lokaci guda, farcenta ya shige rigarsa. Odar tifar ta cika duniya. Bai san wannan matsin ba, ba ya cikin waɗanda suka saba, sai kawai ya danne burki ya fizgo kan babur dama. Tayar baya ta ja ƙasa. Wani dogon bango na ƙarfe ya wuce ta gefen fuskarta, da zafi, da warin hayaƙi, yashi na zubo musu. Ta ji ƙas, gefen motar ya doki bakin sabon madubin ya juyar da shi ciki. Babur ya yi tangal-tangal, Gwamna ya kafa ƙafafu biyu a ƙasa, suka tsaya saura kaɗan su daki bayan bas.

Direban tifar ya leƙo yana zagi, bai tsaya ba. Madubin da ya juyo yana kallon Auta, ta ga wata mata a ciki, baki buɗe, yashi a gira.

Ta sa hannu a cikinta. Shiru. Ta danna gefe, ta riƙe numfashi, ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi daga wuya har ƙafa. Can sai ta ji ɗan motsi a ƙasan haƙarƙari, sannan wani mai ƙarfi. Ta saki numfashin.

Gwamna ya kashe babur. Bai iya waiwayowa ya dube ta ba, don haka bayan bas ɗin ya yi wa magana.

"Ba ki taɓa ni ba."

"Na ɗauka kana kallon madubi."

"Hannunki nake jira. Da na ji shiru, na ce babu komai."

Fasinjojin bas ɗin da ke zaune a bakin kwata suna ta yi musu barka, wata tsohuwa tana faɗa a kan masu ɗaukar mace mai ciki a babur. Auta ta dafa akwatin ta sauko a hankali.

Ya ce ta hau su koma gida, zai tafi a hankali, burodin ya kwana. Ta girgiza kai, sai ta tuna ba ya ganinta, ta zagayo gabansa. Ta ce masu shaguna na jira, kuma gobe ma titin nan yana nan. Ta ce ita za ta jira wata bas. Ya ce ba zai bar ta a bakin titi ba. Ta ce muddin tana bayansa, ko madubi goma aka ɗaura ba zai duba ba, ita ma kuma hannunta ba zai iya zama shiru ba. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa, amma ba ta janye ba.

Sai ya kama ƙarfen madubin ya mayar da shi waje. Gilashin bai fashe ba, gefen robar ne kawai ya goge. Auta ta koma bayan babur ta tsaya inda bakanike ya tsaya ɗazu.

"Ka gan ni?"

"Na gan ki."

Ta matsa hagu, har takalminta ya taɓa farin layin kwalta. "Yanzu fa?"

Ya ɗan murɗa gilashin. "Ina ganinki. Har kukan da kike ɓoyewa."

Ta goge fuska da bakin mayafi. "Ba ni za ka kalla ba. Titi za ka kalla."

Ta koma bakin kwata kusa da tsohuwar. Ya tayar da babur, ya kunna sigina, ya tsaya. Wata ƙaramar mota ta wuce, wata ta bi ta. Daga nan titin ya yi shiru. Auta idonta na kansa, a ranta tana cewa ya tafi mana, me yake jira. Bai tafi ba. Kansa a miƙe yake kamar kullum, sai dai ta ga hular kwanon da ke kansa ta ɗan karkata ƙasa, wajen hagu. Sai ga wata tirela ta fito ta bayanta da gudu, wadda ita ba ta ko ji tahowarta ba, ta wuce ta kaɗa mata mayafi. Da wutsiyar tirelar ta wuce, ya shiga, ya zagaye bas ɗin, ya koma gefensa.

Ta matsa inda za ta iya hango shi. Akwatin burodin yana ƙanƙancewa, madubai biyu sun leƙo ta gefensa suna walƙiya a rana. Kusa da shataletale wata tanka ta taso masa ta hagu. Tsohuwar ta taɓa ta ta ce, 'yar nan, saki zanen mana, za ki yaga shi. Auta ta duba, ta ga yatsunta sun matse gefen zanenta na hagu. Ba ta saki ba sai da tankar ta wuce, ta sake hango akwatin yana tafiya.